Waya a Hannu, Majigi a Mafarki

'Yan uwa malamai, a bitar da aka kira mu Haɗeja an koya mana haɗa waya da kwamfuta ta Bluetooth, domin malami ya riƙa juya shafukan darasi a majigi ko yana ƙarshen aji. Dabara ce mai kyau, ba mu raina ba. Amma a wane aji? Nawa dai, nan Auyo, tun ambaliyar 2022 yara a ƙasa suke zaune, rufi na yoyo, balle a yi zancen lantarki. Wayar tamu ce, kuɗin cajinta daga albashinmu. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lallai ƙungiya ta tsaya kai da fata: a gyara rufi, a kawo bencina da sola, sannan a zo mana da majigi.