A Gwada Ƙoda Kafin Allurar Hoto

Wanda aka taɓa yi wa hoton CT mai yiwuwa ya san allurar nan da ake yi a jijiya, har mutum ya ji ɗumi ya ratsa jikinsa. Ruwa ne mai sinadarin aidin, wanda ke sa jijiyoyi da kayan ciki su fito sosai a hoto. Ƙoda ce ke tace shi ta zubar ta fitsari. Lafiyayyar ƙoda ba ta shan wahalar wannan aiki. Wadda ta riga ta raunana kuwa, ruwan na iya rage jinin da ke isa gare ta, sai cikin kwana 2 zuwa 3 a ga kiriyatinin, sinadarin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya hau a jini. Yawanci yakan sauka cikin mako 1 ko 2, amma ƙalilan sai an kai su ga wankin ƙoda.

A ganina, in ba gaggawa ba, bai kamata a yi wa mai ciwon suga, mai hawan jini ko dattijo wannan allura ba sai an gwada ƙodarsa. Gwajin jini ne mai sauƙi, kuɗinsa bai kama ƙafar na hoton ba. Idan ma'aunin tacewar ƙoda ya gaza 30, nan haɗarin ya fi yawa.

Kawuna mai suga ya taho daga ƙauye cikin zafin bazara don a yi masa hoton. An ce kada ya ci abinci, shi kuwa har ruwa ya ƙaurace wa, ga diclofenac na kemis da yake sha kullum saboda gwiwa. Ma'aikaciyar ɗakin hoto ta ce, "Baba, wane magani kuke sha?" Da ta ji, don gudun cutar da ƙodarsa, ta ɗage hoton, aka gwada jini, aka yi masa ƙarin ruwa tukuna. Haka nake so a yi wa kowa.

Amma kada tsoro ya sa a guji hoton. A 2020, ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar sun bayyana cewa an zuzuta haɗarin fiye da yadda yake. Wanda ya yi hatsarin mota, ana zargin jini na zuba a cikinsa, jinkiri ya fi allurar kisa.

Ya mai karatu, ranar hoto ka tafi da duk magungunanka, har metformin na suga da na gargajiya, ka faɗi cutar da kake fama da ita, ka tambayi likita: "An duba ƙodata?"