Sake gina Yukren da baraguzai: Shin rodi zai riƙe idan hunturu ya zo?

Tun bayan da Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, baraguzan gidaje sun yi tsibi a garuruwa irin su Irpin da Bucha da Kharkiv. Hukumomin ƙasar, tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, suna kwashe su, ana kuma niƙa wasu domin su maye gurbin tsakuwa a sabon gini. Dabarar tana rage kashe kuɗi, amma sanyin ƙasar ne zai gwada ingancinta.

Tsakuwar da aka samo daga tsohon kankare tana zuwa ne da ɓurɓushin tsohon siminti manne a jikinta, shi ya sa ta fi tsakuwar dutse shan ruwa. Idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke ciki yakan daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Idan gari ya yi ɗumi sai ya narke, wani ruwan ya shiga 'yar tsagar da ta buɗe. Haka ake ta maimaitawa duk hunturu.

Babban haɗarin yana inda kankare ya kama rodi. Ƙarfin ginshiƙi ko dekin ya dogara ne da yadda kankare ya ciji zanen da ke jikin ƙarfen. Da zarar wurin ya tsattsage, rodi zai fara zamewa, tsatsa ta samu hanya, alhali daga waje ginin yana nan kamar lafiya lau.

Akwai mafita. Injiniyoyi kan rage yawan ruwa a kwaɓi, su ƙara sinadarin da ke barin ƙananan kumfar iska a cikin kankare, inda ruwa zai samu wurin faɗaɗa. Ka'idojin gini na Turai ma sun taƙaita yawan tsakuwar baraguzai da za a zuba a ginin da sanyi ke duka.

Don haka gaggawar mayar da jama'a gidajensu ba ta isa hujjar tsallake gwaji ba. Shimfiɗar ƙarƙashin titi za ta iya lashe baraguzai masu yawa, amma gada da barandar bene sai an tantance tsakuwar tukuna.