Yara Muke Reno Ko Aku?

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan wani jardan a garin nan namu na Matameye da hantsi ya san muryar da nake nufi. Madam ta ɗaga sanda ta nuna tabulo ta ce "a", yara su amsa "aaa". Ta ce "be", su ce "beee". Haka za a yi ta ja har "zed", a koma farko. In an gaji a ɗauko waƙar Faransanci a rera, yara na tafi, uwaye in sun ji sai daɗi ya kashe su, wai ɗana ya fara jin nasaranci. To ni dai na ce wannan ba koyon karatu ba ne, kiwon aku ne. Aku ma in ka dage masa zai ce maka "bonjur", amma ba ka aikensa kasuwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka kira yaron da ya shekara biyu a jardan, wanda ke zuba maka abajadin Faransanci kamar ruwa, ka rubuta harafi guda a ƙasa, ka ce mene ne wannan. Sau da yawa sai ya koma "a" ya fara jero su, yana fatan ya faɗa a kai. Ka tambaye shi da wane sauti sunansa ya fara, sai ya tsaya yana kallonka. Yaron ba daƙiƙi ba ne. A gida shi ne mai kawo rahoton duk abin da ya faru a unguwa, shi ne mai gyara wa ƙaninsa magana. Da ya taka ƙofar aji sai a kwance masa wannan harshe a rataye a waje kamar takalmi, a ce ya shiga da bakin da ba nasa ba.

Mu tsaya tukuna mu tambayi kanmu, wai shin mene ne karatu? Karatu shi ne mutum ya gane cewa maganar da ke fita daga bakinsa tana da gaɓoɓi, gaɓoɓin suna da sautuka, kowane sauti kuma an yi masa alama a takarda. Ranar da yaro ya gano cewa "rake" gaɓa biyu ce, ra da ke, kuma "ra" ɗin nan ita ce a farkon rana da rago da rami, ranar ya sa ƙafa a hanyar karatu. Amma fa wannan ganowa sai a cikin kalmomin da yaro ya sani. Yaron Dungu ko na Tsauni ya san rake, ya sha shi har ya yanke masa leɓe. In ya haɗa ra da ke ya ji kalmar ta fito, dariya zai yi, don ya ga takarda ta yi magana. In kuwa ya haɗa haruffa suka ba shi kalmar da bai taɓa ji ba, ta yaya zai san ya yi daidai ko ya yi kuskure? Aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda, koyon baƙon harshe da koyon sirrin rubutu, alhali shekararsa biyar.

Ga kuma wani abin da malamanmu suka sani amma ba su cika faɗa ba. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Rubutun Faransanci kuwa maƙil yake da tarko. Kalmar ruwa a wurinsu haruffa uku ce, eau, amma "o" kawai ake cewa. Tsuntsu ana rubuta shi oiseau a ce "wazo", haruffa shida, babu ko guda da ya fito da muryar da aka koya wa yaro a tabulo. Ɗan Faransa da aka haifa cikin harshen ma sai ya sha wuya kafin ya ƙware. Mu kuma muna da tsani mai gajerun matakai a gida, muka bar shi muka ce yaro ya haura katanga.

Abin haushin, kakanninmu sun riga mu gane wannan. Je ka makarantar allo ka saurara. Malam bai taɓa shiga makarantar horon malamai ba, amma da zai koya wa ƙolo babbaƙu, sai ya laƙaba wa haruffan Larabci sunaye na Hausa masu kwatanta siffarsu, irin su ba guje da ha kuri da mim jaye. Sai yaro ya san baƙaƙen sannan a shiga farfaru, a sa musu wasali. Mataki bayan mataki, kuma da harshen da yaro ke ji ake yi masa jagora zuwa wanda ba ya ji. Mu ƴan boko da ke yi wa allo kallon abin da, wannan hikimar ba mu ko kama ƙafarta ba.

Kada wani ya ce wai sabon ra'ayi ne aka kwaso daga waje. A nan Damagaram, ƙofar gidanmu, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci tun 1973. Binciken da aka yi a kan irin waɗannan makarantu daga baya ya nuna ɗalibansu sun fi fahimtar abin da ake koya musu, kuma ba a bar su a baya ba a Faransancin ma. Dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan ƙasa. Ta 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu dai ba mu rasa su ba. Sama da shekara 50 ke nan ana "gwaji". Wace irin miya ce ake ɗanɗanawa shekara 50 ba a zuba wa kowa a tuwo ba?

Sakamakon kuma mun gan shi. A 2014 hukumar PASEC ta auna ɗaliban ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci. Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yara 10 da suka kai ajin ƙarshe na firamare, ko guda cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A wannan awon, yaran Burundi na farkon firamare, waɗanda ake koya wa karatu da harshensu na Kirundi, su ne suka yi wa kowa fintinkau. Awon 2019 ya nuna mun ɗan ɗaga, amma har yanzu mafi yawan yaranmu na gama firamare ba su iya karanta shafi guda su gane shi. Wannan ɓarna ba a ajin ƙarshe take farawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma tun a jardan muke tanƙwara shi ta gefen da ba daidai ba.

Na san abin da za a ce. Na farko, uwaye za su ce: Hausa ai a gida ma yana ji, don me zan biya kuɗi a koya masa? Baba, ji daban, karantawa daban. Kai ma kana jin Hausa, amma in aka turo maka saƙo a salula ba sai ka nemi wani yaro ya karanta maka ba? Kuma wa ya ce a kori Faransanci? A bar shi ya shigo ta kunne da baki, gaisuwa, ƙidaya, sunayen abubuwan aji, wasa. Amma mabuɗin rubutu a miƙa wa yaro shi da harshensa. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a duniya. Wanda ya iya haɗa ba da ki ya samu baki, in ya zo Faransanci sababbin ƙa'idoji kawai zai koya, ba zai sake komawa tushe ba. A Ife ta ƙasar Yarbawa, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Ingilishi yana matsayin darasi, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba.

Na biyu, malamai za su ce babu littattafai, babu kayan aiki, aji ya cika, albashi ba ya zuwa a kan kari. Wannan kuka gaskiya ne, kuma hukuma ce za ta amsa shi. Madam guda da yara fiye da yadda ido zai iya ƙirgawa a rumfar zana, ba wanda zai ce ta ji daɗi. Amma a gaya mini, nawa ake sayen tatsuniya? Nawa ake sayen kacici-kacici, da karya-harshe, da zaurance, wanda ba komai ba ne illa wasa da gaɓoɓin kalma? Nawa ake sayen rairayin da yaro zai zana harafin farko na sunansa da yatsa? Kwalin shayi in an yanka shi ya isa a rubuta sunan kowane yaro a liƙa inda yake zama. Yaro ya ba da labarin akuyarsu da ta haihu, madam ta rubuta a tabulo yana kallo, ta karanta masa abin da ya faɗa. A nan zai gane rubutu magana ce da aka ɗaure don kada ta gudu. Littattafan yara na Hausa ma akwai su, INDRAP ta yi, Albasa ta buga, Gashingo ta buga a Yamai. Tambayar ita ce me ya hana su isowa hannun yaran Kance da Yawuri da Ɗan Barto.

Na uku su ne masu jardan na kuɗi, kuma da su na fi faɗa. Sun gane abin da uwaye ke son gani, sai suke sayar musu da shi: kaye cike da layin "a" shafi bayan shafi, yaron da yatsunsa ba su gama ƙwari ba an danƙa masa bik, aikin gida ga ɗan shekara huɗu, sannan bikin ƙarshen shekara a tsayar da shi ya zuba haddar da shi kansa bai san ma'anarta ba. A yi tafi, a ɗauki hoto. Wasu har tara ko bulala suke yi wa yaron da ya yi Hausa a aji. Yaron da aka daka don ya yi maganar uwarsa, darasin da ya ɗauka shi ne bakinsa abin kunya ne, kuma makaranta wurin yin shiru ce. Wannan darasin kuwa yana bin mutum har jami'a.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya zargi kawai. Kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa a gida. In an yi hutu, ka zauna da shi minti 15 a rana. Ka yi masa tatsuniya, ka ce ya maimaita maka da bakinsa. Ku tafa gaɓoɓin sunayen ƴan gida. Ku nemi abubuwa biyar a tsakar gida da suka fara da "ta". Ka nuna masa ɓ da ɗ da ƙ, ka ce masa waɗannan namu ne, su ke raba ɓari da bari, su ke raba ƙafa da kafa. Mu da muke kiran kanmu marubuta, mu rubuta gajerun labarai masu layi biyar ko shida, da manyan haruffa, mu yi musu hoto a injin da ya buga wannan ɗan littafi, mu kai jardan mafi kusa. In madam ta karɓa, madalla. In ta ce sufeto bai ba da izini ba, mu je wurin sufeton mu tambaye shi wace doka ce ta hana.

Uwaye kuma, in an kira taro a makaranta, a daina tambayar ko yaro ya iya waƙar nasara. A tambayi madam: ɗana ya san sautin farko na sunansa? An karanta masa labari yau? Ya gane shi? Ranar da uwaye suka fara wannan tambaya, masu makarantu za su canza haja, don ɗan kasuwa abin da ake nema yake kasawa.