Jami'o'inmu na horar da likitoci, amma wa ke duba ɗalibi idan ya kwanta?

A damanar bara, ƙanen wani abokina da ke shekara ta biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan ya kwana uku a ɗaki da masassara. Abokan ɗakinsa suka saya masa ƙwayoyi wurin mai tallan magani, suka ce za ta wuce. A dare na uku ya fara sambatu. Da suka ruga da shi ɗakin shan magani na makarantar wajen ƙarfe 11 na dare, a kulle suka tarar da shi. A kan kabu-kabu aka kai shi asibitin gari, wani na tallafe da shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma jarrabawa ta wuce shi, shekarar ta tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi masassarar muni. Yaron ya daina fita fada, ya daina zuwa cin abinci, ya daina ɗaukar wayar mahaifiyarsa saboda kunyar gaya mata ya faɗi. Ya yi wata huɗu a haka, cikin dubban mutane, babu ma'aikaci ko ɗaya da aikinsa shi ne ya zaunar da shi ya ji damuwarsa.

Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu ɗauki lafiyar ɗalibi, ta jiki da ta ƙwaƙwalwa, a matsayin wani ɓangare na karatun kansa.

Shekaru da dama Nijar na da jami'ar gwamnati a Yamai kawai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka samu jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ci gaba ne. Sai dai yana nufin dubban matasa na barin Dakoro, Tanut, Gaya ko Ngigimi su zauna inda ba su da uwa ba su da kawu. Cibiyoyin CROU ne aka ɗora wa kula da rayuwarsu: wurin kwana, abinci, motocin sufuri, wasanni da lafiya. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, kowa ya san wanda ake fara mantawa. Rashin abinci ana ganinsa a rana ɗaya, rashin magani kuwa sai wani ya kwanta.

Su ma ƙungiyoyin ɗalibai suna da nasu kason. Babu mai musun gwagwarmayar USN. Ba mu manta ɗalibai uku da suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba, ko wanda ya rasu a zanga-zangar Afrilun 2017. Amma a saurari jawaban yajin karatu: kuɗin tallafi, abinci, motoci, ɗakuna. Maganar lafiya in ta zo, a ƙarshe take zuwa. Ta ƙwaƙwalwa kuwa da wuya a ji ta.

Alhali cututtukanmu ba baƙi ba ne, kowace da lokacinta. Daga Yuli zuwa Oktoba masassarar cizon sauro ce. Da zafin bazara sanƙarau, wanda a Afrilun 2015 ya sa aka rufe makarantu a Yamai. Idan ruwan sha ya gurɓata sai kwalara, kamar yadda aka gani a Maraɗi da Damagaram a 2021. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ko huɗu, ya koma ɗaukar ninkin haka, wuri ne da cuta ke yaɗuwa da sauri. Abin da aka san ranar zuwansa bai kamata ya tarar da mu babu shiri ba.

Ciwon da ba a gani shi ne ya fi samun sakaci. Masana lafiya sun daɗe da nuna cewa mafi yawan cututtukan ƙwaƙwalwa suna fara bayyana kafin mutum ya kai shekara 25, wato daidai shekarun jami'a. A haɗa da shekarun karatu da ke hawa kan juna, da jinkirin kuɗin tallafi, da nauyin gida da ke jiran ɗan da ya tafi jami'a, da fargabar gama karatu babu aiki. Wani ya koma ga tramol don ya iya kwana yana karatu, daga nan ya kasa bari. Wata kuma wani mai iko a kanta ne ke matsa mata, ba ta san wanda za ta gaya wa ba tare da sunanta ya zagaya makaranta ba. Mu kuwa sai mu ce "karatu ya taɓa shi", ko "an yi masa sammu". A Yamai, ambaton Pavillon E kawai ya isa a yi wa mutum dariya, don haka sai a ɓoye har abu ya lalace.

Na san abin da wasu za su ce: muna da dangi, muna da malamai, zama a gaban baƙo ana faɗin sirri al'adar Turawa ce. Addu'a da nasihar manya suna da babban matsayi, ba na jayayya. Amma wanda ya karye, ana yi masa addu'a kuma ana ɗora shi. Ɗalibin da ke nesa da gida da ɗaruruwan kilomita, sau da yawa danginsa ne na ƙarshe da zai so su sani. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. To a lissafa abin da ƙasa ke kashewa a kan ɗalibi tun daga firamare, sannan a rasa shi a shekarar ƙarshe saboda maganin da bai wuce jika biyar ba. Tun 2006 ana duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2024 kuma an rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Ke nan idan an ga dama ana iyawa.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. Na farko, ɗakin shan magani da ke buɗe dare da rana, da ma'aikacin jinya a ciki, da mota mai man fetur don kai marar lafiya asibiti. Na biyu, a tanadi kayan gwajin masassara, magani da gidajen sauro tun kafin ruwan farko, a kuma yi allurar sanƙarau ga sababbin shiga. Na uku, ofishin ba da shawara mai ƙofar da ba ta kallon dandalin jama'a, da mace a cikin ma'aikatansa, da doka mai tsauri: abin da aka faɗa a ciki ba ya kaiwa ga malami, shugaban sashe ko ƙungiya. Ma'aikata ma ba sai an nemo su daga waje ba. Yamai, Maraɗi da Damagaram duk suna da tsangayar koyon likitanci, a Yamai kuma ana karantar da ilimin halayyar ɗan Adam. Manyan ɗalibansu za su iya yin aikin gwaji a nan, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Na huɗu, a fito da ƙa'ida bayyananna ta sake jarrabawa ga wanda ya kawo takardar likita, don kada kwana uku na jinya su cinye shekara.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Akara, Tarabulus, Faransa ko Amurka, kuna turo kuɗin rajista da na abinci, Allah ya saka. Amma idan kun kira, kada tambayar ta tsaya a kan sakamako. Ku tambayi ƙanenku ko yana barci, ko yana cin abinci, ko akwai wanda yake magana da shi. Ƙungiyoyinku na ƴan gari ɗaya da ke gina masallatai da rijiyoyi za su iya ɗaukar nauyin maganin damana ɗaya a jami'ar jiharku.

Ƙanen abokin nawa ya koma aji bana, bayan wani yayansa ya zo daga ƙauye ya kai shi wurin likita. Shi ya yi dace da yaya mai lura. Magabata da shugabannin ɗalibai su zauna kafin damana mai zuwa, saboda waɗanda ba su da irin wannan yayan.