Wa Ya Cika Miki Kuɗin Rigar Nan?

Duk macen da ta taɓa tsayawa a shagon tela tana cinikin ladan ɗinki ta san abin da riga take ci. Akwai yadi, akwai zare da zif da shafi, akwai man janareta, akwai kuma bayan mutumin da zai wuni a sunkuye kan keke. Saboda haka idan kika buɗe waya kika ga doguwar riga ɗinkakkiya, wadda za a ɗauko a jirgin sama tun daga Chaina a dire miki a ƙofar gida, a kuɗin da telan unguwarku ba zai yarda ya ɗora almakashi a kan yadi ba, kin san akwai lauje cikin naɗi. Kin sani sarai. Kin dai ƙi tambaya ne don kada amsar ta ɓata miki daɗin sayayya. Kai ma malam, mai cika kwando da takalma da agoguna da rigunan ƙwallo, kada ka gyara zama ka ce da mata ake. Har da kai.

Ba na musun cewa abin yana da daɗi. Manhajojin sayayyar nan, Shein, wanda yanzu hedikwatarsa ke Singafo, da Temu, wanda aka ƙaddamar a Amurka a watan Satumba na 2022 ya kuma shigo Najeriya a ƙarshen 2024, sun san ciwon mai saye. Babu rana, babu cunkoso, babu telan da zai rantse miki da Allah cewa gobe da la'asar, sai daren Sallah ya kashe waya. Mai jiki da kan sha wuyar neman daidai ita a kasuwa, a nan tana samu. Shein ba ya ɗinka kaya da yawa tashi ɗaya. Yakan fitar da sabon samfuri guda ɗari ko ɗari biyu, ya zuba ido, wanda aka yi rububinsa a sake ɗinkowa, wanda aka share a manta da shi. Da haka yake zuba dubban sababbin kaya a manhajarsa kowace rana, ta yadda ko sau nawa kika leƙa sai kin ga abin da ba ki gani jiya ba. Ga agogo yana ƙirga miki mintocin da suka rage kafin ragi ya ƙare, ga saƙon cewa saura uku kacal, ga wata ƙafar keke da za ki juya ki ci kyauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan caca a tasha ya san wannan wasan: sai an bar ka ka ɗan ci tukuna, sannan a kwashe na aljihunka.

Ragin ma sau da yawa na ganin ido ne. A watan Yuli na 2025 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci Shein tarar yuro miliyan 40 saboda yaudara a farashi. Da suka bi diddigin kayan da aka ce an yi wa ragi, fiye da rabi babu ragin ko sisi, kashi 11 cikin ɗari kuwa ƙarin kuɗi ma aka yi musu. Wannan tsohon farashin da kike gani an ja masa layi, kina murna kin yi wayo, ki san da wa aka yi wayon.

Amma yaudararki ita ce ƙaramar magana, domin kuɗinki ne. Babbar maganar ita ce ta wanda ya ɗinka.

'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari sun san birnin Gwanzu na Chaina ciki da bai. A wani yanki na birnin mai suna Panyu akwai dubban ƙananan shagunan ɗinki da ke yi wa Shein aiki. A 2021 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta tura masu bincike can, suka tarar ma'aikata na yin awa 75 a mako, ana biyansu da yawan rigunan da suka gama, hutu kuwa kwana ɗaya a wata. Wasu gine-ginen tagoginsu a garƙame da ƙarfe, babu ƙofar tsira idan wuta ta tashi. Kamfanin ya yi alkawarin gyara. Ƙungiyar ta sake dubawa ta fitar da wani rahoton a 2024: awa 75 na nan daram. BBC ma ta je ta ji abu ɗaya daga bakin ma'aikatan, ta fitar da rahoto a farkon 2025. Ki raba 75 gida bakwai ki gani, kusan awa goma sha ɗaya kenan kullum, Litinin zuwa Lahadi, abin da dokar ƙwadago ta Chaina kanta ba ta yarda da shi ba. Shi kansa kamfanin ya amsa da bakinsa cewa a 2023 ya gano wurare biyu a cikin masu yi masa ɗinki inda ake sa ƙananan yara aiki. Waɗannan su ne suka cika miki kuɗin rigar, da barcinsu da idanunsu da ƙashin bayansu.

Kuma ba yau aka fara ba. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza ya rufta a kusa da Dakka ta ƙasar Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasan benen suka rufe, masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin keke ko a hana su albashi. Ba Shein suke yi wa ɗinki ba, lokacin bai yi ƙarfi ba. Amma kwaɗayin da ya tura su cikin benen, na son sabuwar riga a kuɗin banza, shi ne dai yau ya koma cikin wayarki.

Na san amsar da ke bakinki: ƙasa ta yi tsada, Naira ta faɗi, talaka ma yana son ado. To a ajiye sunan talaka a gefe, ya gaji da a riƙa fakewa da shi. Talakan da na sani ɗinki ɗaya yake yi a shekara, idan Allah ya hore, sauran kuma ya nufi gwanjo a Ƙofar Wambai ya ɗaga riga ya duba hammata ya duba wuya kafin ya taya. Ba shi da katin banki mai kuɗi a ciki, ba shi da datar da zai kwana yana shafa waya. Masu cika kwando da kaya goma sha a dare ɗaya su ne ma'aikata masu albashi, da ɗalibai 'yan gata, da matan masu hali, waɗanda sif ɗinsu ya cika har ba ya rufuwa. Ba tsiraici kuke gudu ba. Abin da kuke gudu shi ne a ce an taɓa ganin wannan rigar a jikinku. Tunda aka ɗauki hoto aka ɗora a Instagram, ko aka sa a sitatus, shi kenan riga ta mutu, ko da sau ɗaya ta taɓa jiki. Biki guda, amma na kamu daban, na sa lalle daban, na dina daban, na walima daban, ga anko a kai, kuma duk wanda aka sa ba zai sake fita ba. Wannan ba talauci ba ne, almubazzaranci ne da ya samu farashin da zai iya biya, kuma duk kun san matsayinsa a addini ba sai na ja muku baki ba.

Ku tuna yadda iyayenmu suke da tufa. Turmin atamfa a adaka yake kwana, a naɗe, da ƙamshin turaren wuta, a ɗauko shi ranar suna a mayar, har ranar rabon gado a same shi da sauran ƙwarinsa ya shiga rabon 'ya'ya mata. Shadda idan ta koɗe a kai ta marina ta sha baba, a kai mabuga ta dawo tana ƙyalli. Rigar wa ta koma ta ƙane, zanen uwa ya koma majanyi, daga nan ya zama tsumman goge-goge, sai ya ƙare ƙurmus kafin a rabu da shi. Yanzu ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda kika yi oda ki juya cikinta. Ɗinki layi ɗaya, zare na reto, babu ko ɗan rarar yadin da tela zai kama ya buɗa miki idan ta matse. Kai masa gyara sai ya jujjuya ta ya miƙo miki, ya ce Hajiya wannan ko allura ba za ta riƙe ba. Mafi yawansu yadin roba ne, daga man fetur aka yi shi, tushensu ɗaya da ledar da ke toshe mana kwata. A zafin Afrilu zufa ba ta da hanyar fita, kusa da murhu kuwa ba ci da wuta kawai yake yi ba, narkewa yake ya manne a fata. Wanki uku ya yi ƙuraje, ya saki. Ko tsumma ba zai yi ba, don ba ya shan ruwa. Da Bahaushe ya ce araha ba ta ado ai bai ga komai ba.

Masu saya wa yara kuma su ji wannan. A 2021 gidan talabijin na CBC a Kanada ya kai wasu kaya ɗakin gwaji, aka samu dalma a wata rigar sanyi ta ƙananan yara daga Shein da ta kusa ninka abin da hukumar lafiyar ƙasar ta amince da shi sau ashirin. A 2024 hukumomin birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun yi ta gwada kayan Shein da Temu da AliExpress suna samun sinadarai masu cutarwa fiye da kima, har a takalman yara. Yaro kuwa komai a baki yake sawa.

Sai a ce ai ba zubarwa nake ba, sadaka nake bayarwa. Ki tara rigunan da suka saki a buhu ki miƙa wa 'yar aiki, ki ce kin yi sadaka? Bola kika rage, kika ɗora mata aikin kaiwa juji. Turawa ma da wannan suke lallashin zuciyarsu, kuma idan kina son ganin inda tasu sadakar take ƙarewa, ki tambayi 'yan'uwanmu mazauna Akra labarin kasuwar Kantamanto. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke komawa. Ɗan kasuwa ya ci bashi ya sayi dila a rufe, ya yanka ya tarar da tarkacen da ba mai taya shi. 'Yan mata daga arewacin Gana suna ɗaukar dilar kilo 55 a ka, wuya da baya suna lalacewa tun suna da ƙuruciya. Abin da ya ragu ya bi magudanai ya tare a tafkin Korle da bakin teku. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar, dubban mutane suka wayi gari babu jari. Da can gwanjo kaya ne mai ƙwari da mai shi ya gaji da shi. Yanzu dilolin sun cika da rigunan da tun daga keke aka yi su don a sa sau biyu a jefar, don haka har gwanjon da talaka ya dogara da shi wannan ɗabi'ar ta lalata masa.

Abin haushi, bakin da ke yin oda da dare shi ne da rana yake kukan mutuwar masaƙun Kakuri. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban magidanta suka ci abinci a ciki, sannan aka rufe ta farko a 2002, ta biyun a 2007. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da sakacin gwamnati ne suka kashe su, tun ba a san wata manhaja ba. Amma abin da ya rage mana a hannu shi ne tela da mai aikin wuya da marini da mabugi, kuma yanzu su ake zagayewa. Manhaja ba ta ba da bashi, nan take kike tura kuɗi ki zauna jiran mako biyu babu ƙorafi. Tela kuwa sai kin ja shi ciniki har ya ce a bar shi don Allah, kuma cikon kuɗin ɗinkin ƙaramar Sallah har yau yana hannunki.

Ku kuma masu zazzage buhun kaya a gaban kyamara a TikTok, kuna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kuna cewa a shiga ta mahaɗinku a samu ragi, ku faɗa wa mabiyanku nawa ake ba ku a kan kowace yarinyar da ta shiga. Dillanci sana'a ce, amma dillalin kirki ba ya ɓoye cewa shi dillali ne.

Saura guda, wadda ta fi ci mini rai. Mu mutane ne da muka iya ƙaurace wa kaya idan an taɓa addininmu. An yi da kayan Denmak a 2006, an yi da na Faransa a 2020, saƙonni suka yi ta yawo a waya. To a wannan shekarar ta 2020 aka kama Shein yana sayar da dardumar salla, wasu har da hoton Ka'aba, da sunan kafet ɗin ado na Girka, sai da aka yi masa ca ya janye ya ba da haƙuri. Wannan ma mai sauƙi ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya daga yankin Shinjiyang na Chaina take fitowa, ƙasar Musulmi 'yan ƙabilar Uigur, inda masu bincike da dama suka ce ana tilasta wa mutane aiki a gonakin auduga da masaƙu. Gwamnatin Chaina ta musanta. Amurka ta yi doka a 2021 ta hana shigo da kayan yankin sai an kawo hujjar cewa ba da aikin tilas aka yi su ba. A 2022 kafar Bloomberg ta kai wasu tufafin Shein ɗakin gwaji, sakamako ya nuna audugar Shinjiyang a ciki. A Janairun 2025 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya zaunar da lauyar kamfanin, ya yi ta maimaita mata tambaya ɗaya, ko akwai audugar yankin a kayansu, ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Ban ga saƙo ko ɗaya ya zaga a kan wannan ba, ban ji an ce a ƙaurace ba. Da azumi ya matso ma ƙara oda aka yi, ta abaya da mayafi da jallabiyar zuwa tarawihi.