Garin Neman Gira: Wa Ke Tsofar da Matanmu Tun Ba Su Kai Talatin Ba?

A wani biki da muka je bara a unguwarmu nan Maraɗi, wata baƙuwa ta gaishe ni a tsaye, sannan ta juya ta rusuna wa ƙanwata ta ce, "Yaya, ina wuni?" Aka kwashe da dariya, aka gyara mata. Ƙanwata ma ta yi dariyar, amma ni da na goye ta a bayana na san ba ta kai ciki ba. Shekaruna 41, nata 28. Da muka dawo gida ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai bayan isha'i.

Baƙuwar ba ta yi laifi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Kumatun ƙanwata sun yi baƙi kamar an ɗora masu dutsen guga. Jijiyoyi sun fito kore-kore a gefen fuskarta. Nankarwa mai faɗin yatsa ta tsattsaga mata damatsa. Ƙasan idonta ya yanƙwane irin na wadda ta aurar da jikoki. Ba wani ciwo ne ya yi mata haka ba, da kuɗinta ta saya. Shekara shida tana shafa wani haɗi da ake kawo mata cikin roba marar suna, jika goma sha biyar duk wata. Kuma ranar da aka fara sayar mata, ba a ce mata na bilicin ba ne. Ce mata aka yi man hana tsufa ne.

Wannan ƙaryar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, babu abin da ke tsofar da fatar matanmu da wuri a yau kamar mayukan da ake sayar masu da sunan maganin tsufa. Rigakafin gaskiya kuwa yana nan a gabanmu, araharsa ce ta sa muka raina shi.

Mu fara da ita fatar. A ƙarƙashin wadda muke gani akwai wasu zaruruwa da ake kira kolajin, su ne ke riƙe fata ta tsaya sumul. Daga mutum ya wuce shekara 20 da ƴan kai, jikinsa na rage yin su da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, raguwar kan yi sauri a shekarun farko. Wannan tsufa ne na halitta, babu robar da za ta tsayar da shi. Amma akwai tsufa na biyu, wanda ke zuwa daga waje, kuma babban mai kawo shi ita ce rana. Cikin haskenta akwai wani kaifi da ido ba ya gani, yana ratsa fata yana tsinka waɗannan zaruruwa. Wadda ke shakka ta dubi bayan hannun kakarta, ta kuma dubi fatar cinyarta da zane ya rufe shekara da shekaru. Shekarunsu ɗaya, amma ba su tsufa tare ba.

To mu da muke zaune inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, me ya hana mu yanƙwanewa tun muna ƴan mata? Baƙin nan da muke gudu shi ne. Sinadarin da ke ba fata duhu, melanin, laima ce da aka haife mu da ita, yana tare kaifin rana kafin ya isa ciki. Shi ya sa yamushewar fuska ke jinkirin zuwa ga baƙar fata fiye da Bature. Duk man da ke sa haske, aikinsa ɗaya ne: ya hana jiki yin melanin. Wato mace ta biya kuɗi a yage mata laima, sannan ta fita cikin ranar Sahel tana jiran ƙuruciya.

Abubuwa uku aka fi samu a cikin waɗannan mayuka, kuma ya kamata kowace mace ta san sunansu kamar yadda ake rubuta shi a jikin kwali.

Na farko hydroquinone. Likitocin fata na ba da shi na ɗan lokaci don tabo na musamman. Idan aka daɗe ana shafa shi, musamman ga mai shiga rana, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai ratsin shuɗi a kumatu da goshi da wuya, wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Shi ne "ƙunar" da muke gani a fuskar ƴan'uwanmu. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun 2001.

Na biyu dangin kotizon masu ƙarfi, irin su clobétasol da bétaméthasone, waɗanda ke zuwa cikin ƴan tub ana matsa su cikin haɗi. Magunguna ne na ciwon fata da likita ke rubutawa na ƴan makonni. Mu kuwa sai mu shafe jiki da su shekara da shekaru. Suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa da ƙuraje da makero, su sa rauni ya ƙi warkewa. Suna kuma ratsawa cikin jini, su tayar da hawan jini da ciwon sukari. Fata siririya mai tsagewa, ai ita ce fatar tsohuwa. A nan an sayar wa mace tsufa ne kai tsaye.

Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercure ko mercury, galibi ma ba a rubuta ta sam. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga jaririn da ke ciki da wanda ke shan nono, tana kuma maƙalewa a tawul da zanen gado ta shafi sauran mutanen gida. Illarta ce ta sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, sunan wani gari a Japan inda gubar ta nakasa mutane masu yawa. Nijar da Najeriya duk suna cikinta.

Kada a ɗauka matsalar ƴan tsiraru ce. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sa haske, a Togo kashi 59, a Senegal 27, a Mali 25. Kodibuwa ta haramta su a 2015, Ghana ta hana masu hydroquinone a 2016, Kamaru ta ɗauki nata mataki a 2022, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Amma doka a takarda take, kaya kuwa a mota suke. Mu da ke bakin iyaka mun san abin da aka kora daga wata kasuwa, a wata yake sauka.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a tsakar gidanmu.

Za a ce, "Nawa ba bilicin ba ne, oganik ne, ainihin kalata yake fito da ita." Ƴar'uwa, ainihin kalarki ita ce wadda ke cikin hotonki na lakwal. Babu karas ko kurkum ko madarar da za ta mayar da baƙar mace fara cikin sati biyu. Duk abin da ya yi wannan aiki da wannan sauri, akwai ɗayan ukun nan a cikinsa, ko mai haɗin ta sani ko ba ta sani ba. Ki tambaye ta me ta zuba, da nawa ta zuba. Idan ta ce sirrin sana'a ne, to ki sani da fatarki ake riƙe sirrin.

Za a ce, "Jikina ne, kuɗina ne." Gaskiya ne, kuma ni ban zo hana kowa ado ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kakanninmu sun yi lalle, sun yi kwalli, sun yi kitso da turare, ƴan'uwanmu na Cadi da Sudan sun kawo mana dilka da halawa. Amma zaɓi ba ya zama zaɓi sai an faɗa maki gaskiyar abin da kike saye. Ƙanwata ba ta zaɓi ƙuna ba. Bayan haihuwarta ta fari wani duhu ya fito mata a kumatu, irin wanda ciki ke kawo wa mata da yawa, wanda sau tari yakan dushe da kansa idan an kiyaye rana. Aka ce mata tsufa ne ya fara, ta yi maza kafin maigida ya hango waje. Tsoro aka sayar mata, robar kyauta ce aka ɗora a kai.

Nan ne maganar ta iso kan maza, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane ne ke cewa a nemo masa "fara ko mayya ce"? Wane ne ke zaune a fada yana yi wa mace dariyar fuska Fanta ƙafa Coca, alhali shi ne ya ƙi kallonta lokacin da take baƙa? Namijin da ke tsoratar da matarsa da kishiya duk ranar da ta yi fuskar gajiya, yana da kaso cikin kowace roba da ta saya. Mu mata ma ba mu fita ba. Mu ne ke cewa a "gyara" amarya ta yi haske kafin biki. Mu ne ke leƙa kunnen jariri ranar suna don mu ga ko zai yi duhu. Har an kai ana shafa wa yara ƙanana, waɗanda fatarsu ta fi ta manya saurin tsotse guba.

To mene ne rigakafin na gaskiya? Ba shi da kwalba mai ƙyalli, shi ya sa babu mai tallarsa.

Inuwa ita ce ta farko. Kaifin rana ya fi tsanani daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Aikin da zai yiwu da sassafe ko da la'asar, a yi shi a lokacin. Mai zuwa gona ta sa malfa, mai zuwa kasuwa ta riƙe laima, don mayafi na rufe jiki amma fuska a waje take. Wadda ke da hali ta sayi man kariya daga rana a farmasi, mai lamba SPF 30 ko sama, ta shafa kowace safiya. Baƙar fata ma na amfana da shi, musamman wajen hana tabo yin duhu.

Na biyu, a daina yaƙi da fata. Ruwa mai zafi sosai, sabulu mai kaifi da dirza da soso kamar ana wanke tukunya, duk suna kwashe maiƙon da ke kare ta. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a shafa mai tun jiki na da danshi, musamman lokacin hunturu. Man kaɗen da muke rainawa, shi kamfanonin Turai ke saye daga Burkina Faso da Ghana da Mali su zuba cikin mayuka masu tsada. Ba ya tare rana, amma wajen hana bushewa da kaushi ba shi da na biyu a kuɗinsa.

Na uku, ciki. Jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C da abinci mai gina jiki. Garin ƴaƴan kuka, gwaba, lemo, tumatir, zogale, wake, ƙwai, kifi, nono, duk a kasuwarmu suke. Yawan sukari kuwa na sa zaruruwan fata su ƙage, don haka a sassauta wa lemon kwalba da shayin da cokali ke tsayawa a ciki. A sha ruwa. A nisanci taba da shisha, a kuma rage zama cikin hayaƙin icce: a girka a sarari, ko a nemi murhu mai tsimin icce ko na gas.

Na huɗu shi ne wanda ba a son a faɗa: hutu. Macen da ke tashi kafin asuba ta kwanta bayan kowa, ta haihu a kai a kai ba tazara, jininta ya yi ƙasa ba a kai ta awo ba, ga fargabar saki kullum a ranta, babu man da zai ɓoye wannan a fuskarta. Barcin awa 7 zuwa 8 magani ne. Maigidan da ke son matarsa ta daɗe da ƙuruciya, ya saya mata gas, ya kama mata rainon yara, ya bar ta ta yi barci, ya kuma kwantar mata da hankali. Wannan ya fi jika goma sha biyar na haɗi.

Wadda kuma ta riga ta shiga, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti. Wanda ya daɗe yana shafa kotizon, idan ya tsaya rana ɗaya fata kan yi bore da ƙaiƙayi da ƙuraje da duhu, wannan ne ke mayar da mata da yawa ruwa. Ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye, a auna mata jini da sukari da ƙoda. Akwai ma magungunan da aka tabbatar suna rage yamushewa da tabo, irin su trétinoïne, amma likita ke ba da su, kuma ba a ba mai ciki.

Ƙanwata ta daina wata tara ke nan. Watannin farko ta sha kuka, ta yi baƙin da ya fi na da, har ta daina zuwa biki. Yanzu ƙurajen sun kwanta, fatar ta fara kauri, kalarta ta gidanmu na dawowa. Ƙunar kumatun dai likita ya ce mata kada ta sa rai za ta tafi duka. Rannan na tarar tana shafa wa ɗiyarta man kaɗe bayan wanka, yarinyar na tambaya ko shi ne zai sa ta yi fari irin na ƴan fim. Ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu ta ce, "Dubi fuskata da kyau. Ni ma fari na je nema."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu tsufa mai kyau, a lokacinsa.