Ƙwallo na suɓuce wa Stevenson, amma ya cancanci kuɗinsa

A watan Yunin 2024 ƙungiyar New England Patriots ta tsawaita kwantiragin Rhamondre Stevenson da shekara huɗu a kan dala miliyan 36. Da aka shiga kakar wasa a watan Satumba, ƙwallo ta suɓuce daga hannunsa a wasan farko, ta sake suɓucewa a na biyu, da na uku, da na huɗu. Kafin kakar ta ƙare an lissafa masa sau bakwai. Tun daga lokacin magoya bayan ƙungiyar da dama suka yanke hukunci cewa an zubar da kuɗi a rariya. Ni ra'ayina ya saɓa da nasu. Ina ganin ƙungiyar ta yi daidai da ta riƙe shi, kuma ko yau aka sake shimfiɗa takardar zan ce a sa hannu.

Ga wanda bai saba kallon zari-rugar Amurka ba, ga yadda abin yake a gasar NFL. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a sake ba ta huɗu, har ta isa gidan abokan hamayya. Akwai madugu mai jefa ƙwallo, a bayansa kuma akwai mai ruga, wanda ake danƙa wa ƙwallon a ciki ya kutsa tsakanin ƙarti, wasunsu sun haura kilo 130. Aikin Stevenson ke nan. A wasa guda ƙwallo kan zo hannun kowace ƙungiya kamar sau goma zuwa sha biyu kacal, kuma wasa 17 ne a kaka kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale. To idan mai ruga ya saki ƙwallo abokan hamayya suka tsinta, ya ɓarar da ɗaya daga cikin 'yan damar da ake da su, wani lokaci ma ya miƙa musu ita a bakin ƙofar gidansa. Shi ya sa masu horarwa ba su da abin da suka tsana kamar wannan kuskure.

Ba zan rage wa laifin nauyi ba. A ranar 24 ga Disamban 2022 Patriots ta karɓi baƙuncin Cincinnati Bengals. An tafi hutun rabin lokaci ana cin su 22 da nema, suka dawo suka farfaɗo har aka kai 22 da 18. Saura kamar minti ɗaya, suna yadi biyar daga gidan Bengals, aka ba Stevenson ƙwallo. Masu tsaron baya suka tare shi cak, suka fara tura shi baya. Da ya durƙusa a nan, da an busa usur, da ƙungiyarsa na da sauran dama. Bai durƙusa ba. Ya ci gaba da dambarwa yana neman ƙarin taku ɗaya, hannuwa na ta kai wa ƙwallon farmaki ta ko'ina, har Vonn Bell na Bengals ya fizge ta, Bengals suka kwanta a kai. A haka aka tashi, 22 da 18. Duk wanda ya kalli wannan ya san zafin abin, kuma ba zan ce wa mai goyon bayan Patriots ya manta ba.

Amma a dubi abin da ya jawo. Ba sakaci ba ne irin na wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Halin da ya sa ya ƙi faɗuwa a ranar shi ne halin da ya sa ya ci yadi 1,040 a guje a waccan kakar, ya kuma cafe ƙwallo 69 da aka jefa masa. Mai ruga da yake zubewa da zarar an taɓa shi ba ya yawan sakin ƙwallo, kuma ba ya yawan amfanar kowa. Ƙungiyar ta san da wannan duka kafin ta buɗe jaka. Tun wasansa na farko a 2021, da Miami Dolphins, ya saki ƙwallo, kocin ƙungiyar na lokacin, Bill Belichick, ya ajiye shi wasa uku bai sa shi ba. Don haka babu wanda aka yaudara a cinikin 2024. An san doki, an san inda yake ɗingishi, aka saya.

Tambayar da ya kamata mai riƙe da asusun ƙungiya ya yi ita ce: wannan aibi yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa? Tarihin gasar ya ba da amsa, kuma amsar da na fi so ita ce ta Tiki Barber na New York Giants. Daga 2000 zuwa 2003 Barber ya saki ƙwallo sau 35. Sau 35 a kaka huɗu, abin da ya fi na Stevenson muni nesa ba kusa ba. A 2004 Tom Coughlin ya karɓi ƙungiyar a matsayin koci, ya tilasta masa ya canja yadda yake riƙo. A da Barber yana gudu ne ƙwallon na can ƙasa wajen kwiɓinsa, hannu na lilo, gwiwar hannu a buɗe, duk wanda ya biyo ta baya zai iya tankwaɓe ta. Aka ce ya ɗaga ta sama ya manna a ƙirji, yatsu su rufe tsininta na gaba, damtse ya matse na baya, gwiwar hannu ta like da haƙarƙari. Riƙon ba shi da kyan gani, kamar mai rungume da jariri cikin cunkoson kasuwa. A 2005 sau ɗaya tak ƙwallo ta suɓuce masa, kuma a kakar ce ya ci yadi 1,860, wanda bai taɓa yin kamarsa ba. Yana da shekara talatin a lokacin, shekarun da ake cewa mai ruga ya fara gangara. Da Giants sun bi ihun 'yan kallo a 2003, da wata ƙungiya ce ta ci moriyar shekarunsa uku mafiya kyau.

Adrian Peterson na Minnesota Vikings ma haka. Ya yi fama da sakin ƙwallo a 2008 da 2009, kuma a wasan kusa da na ƙarshe na Janairun 2010, inda New Orleans Saints ta fitar da Minnesota Vikings da 31 da 28, ƙwallo ta yi ta zame masa duk da ya kai ta gida sau uku. Ya koma ya yi aiki a kan hannunsa, a kakar 2010 sau ɗaya kawai ya saki. A Satumban 2011 Vikings ta ba shi kwantiragin shekara bakwai na kusan dala miliyan 100. A 2012 ya ci yadi 2,097, saura takwas ya kamo tarihin da Eric Dickerson ya kafa a 1984, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar.

Akwai wani abin da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi. Ƙwallon ba faɗuwa take yi da kanta ba, ƙwace ta ake yi, kuma ƙwacen sana'a ce da ake koyarwa. Charles Tillman na Chicago Bears ya shahara da dunƙule hannu ya naushi ƙwallon kai tsaye maimakon ya kama mutum. Ya fitar da ƙwallo daga hannun abokan hamayya sau 44 a rayuwar wasansa, huɗu daga ciki a wasa guda da Tennessee Titans a 2012. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya yi wasa tare da Barber a Giants, ya fitar da goma a kakar 2010 kaɗai. Yau kowace ƙungiya na koyar da wannan naushi. Da zarar sunan ɗan wasa ya fita a kan hannunsa na da sanyi, duk mako sai a shirya masa: na farko ya riƙe shi a tsaye, na biyu ya zo ya naushi ƙwallon. Shi ya sa abin kan zo a jere, kamar yadda ya zo wa Stevenson a Satumban 2024. Sannan bayan ta faɗi, wanda zai tsince ta sa'a ce, domin ƙwallon ba zagayayya ba ce, ba wanda ya san inda za ta yi tsalle. Cikin bakwai ɗin nan na 2024, uku ne suka koma hannun abokan hamayya.

Sai batun kuɗin, inda na ga ana yawan ruɗa mutane da manyan lambobi. A NFL adadin da ake shelantawa ba shi ne alkawari ba. Alkawarin shi ne kason da aka lamunce za a biya ko da an sallami ɗan wasa, kuma na Stevenson dala miliyan 17 ne. Sauran sai ya ci gaba da cancanta. Idan aka raba miliyan 36 gida huɗu, tara ke nan a shekara. Iyakar albashin da gasar ta gindaya wa kowace ƙungiya a 2024 dala miliyan 255.4 ce, wato rabonsa bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Da wannan kuɗi aka sami mutum ɗan shekara 26 mai gudu, mai cafe ƙwallo, kuma mai iya tsayawa ya tare ƙaton da ya taho zai murƙushe madugu. Wannan aiki na uku ba ya fitowa a allon ƙididdiga, amma a shekarar ce Patriots ta ɗauko madugu Drake Maye daga jami'a, ta ɗora gobenta a kansa, alhali katangar da ke gabansa tana yoyo ta ko'ina. Sabbin masu ruga da ake ɗaukowa da araha sukan iya gudu tun ranar farko, amma karanta inda farmaki zai ɓullo a tare shi sai an ga jiya an ga yau.

Abin da ke karya ƙungiyoyi a cinikin masu ruga shi ne gwiwa da shekaru. Los Angeles Rams ta ba Todd Gurley kwantiragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 57 a 2018, gwiwarsa ta fara ciwo, a Maris ɗin 2020 aka sallame shi. Dallas Cowboys ta ba Ezekiel Elliott miliyan 90 na shekara shida a 2019, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, ta rabu da shi a 2023. Babu kocin da zai koya wa guringuntsin da ya cinye yadda zai dawo. Riƙon ƙwallo kuwa ana koyar da shi a filin atisaye kullum. Abin mamaki shi ne 'yan kallo sun fi yafe wa ɗan wasan da ya rage sauri a hankali, domin ba a nuna wannan a maimaicin hoto, su kuma ƙi yafe wa wanda kuskurensa ya zo fili a daƙiƙa ɗaya.

Masu adawa da ra'ayina na da shaida guda mai ƙarfi, wato Melvin Gordon. Denver Broncos ta ɗauke shi a 2020 a kan dala miliyan 16 na shekara biyu, ta sake riƙe shi, ya saki ƙwallo sau goma sha biyu a zamansa can. A Nuwamban 2022, bayan ya sake saki a wasa da Las Vegas Raiders, karo na biyar a kakar, aka sallame shi. Bai gyaru ba. Shi kansa Peterson, a Janairun 2016 Kam Chancellor na Seattle ya fizge masa ƙwallo a zangon ƙarshe, Seattle Seahawks ta fitar da Vikings da 10 da 9. Wannan ciwo ne da kan lafa ya kuma tashi. Na yarda. Abin da na fahimta daga labarin Gordon shi ne kada a lamunce kuɗi mai tsawo, kuma kada a bar mutum shi kaɗai ba mataimaki. Denver ta iya rabuwa da shi ba tare da ta ji jiki ba saboda yarjejeniyar gajera ce. Patriots ma ta yi wa kanta tanadi: a 2025 ta ɗauko TreVeyon Henderson daga Jami'ar Ohio State a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa. Wannan shi ne hankali, ka biya wanda ka sani, ka kuma reni wanda zai gaje shi.

Inda na fi damuwa shi ne yadda ake mu'amala da ɗan wasan bayan an biya shi. A Oktoban 2024 kocin Patriots na lokacin, Jerod Mayo, ya cire Stevenson daga cikin masu fara wasa ya sa Antonio Gibson, don ya zama horo. Na fahimci matsin da ke kan koci sabon shiga, amma ban ga abin da hakan ya gyara ba, domin ƙwallon ta ci gaba da suɓucewa daga baya, ƙungiyar ta ƙare da nasara huɗu da rashin nasara goma sha uku, aka kuma sallami Mayo. Mai gudu da fargabar benci yakan rungume ƙwallo da hannu biyu tun kafin a iso shi, ya daina kallon ɓarakar da zai bi, ya zama rabin mutumin da aka biya.

Sabon koci Mike Vrabel ya gaji matsalar a 2025, kuma bai daɗe ba ya ɗanɗana ta. A Satumba, a wasa da Pittsburgh Steelers, Stevenson ya saki ƙwallo sau biyu, ɗaya a bakin gidan abokan hamayya, aka ci su 21 da 14. Kiraye-kirayen a rabu da shi suka dawo da ƙarfi, ga kuma Henderson a gefe yana jira. Vrabel bai ɓoye cewa dole a gyara ba, amma bai yar da shi ba. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a ganina kocin ya auna abin da zai rasa ne idan ya yanke. Ya raba aikin tsakanin su biyun, ya ci gaba da sa Stevenson a lokutan da ake buƙatar wanda zai kare Maye ko ya ci yadin da sai da ƙarfin tuwo. Ƙungiyar da ta ci wasa huɗu a 2024 ta ci goma sha huɗu a 2025, ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2026, inda Seattle ta doke ta. Ba Stevenson kaɗai ya kai su ba, Maye da masu tsaron baya sun fi shi kaso, amma yana cikin filin har ranar ƙarshe. Kwantiragin nasa zai kai kakar 2028, lokacin yana da shekara talatin, kuma idan ƙwallo ta koma zame masa kamar Gordon, ƙungiyar na da ƙofar fita tun kafin nan.